Bashin da Ba a Biya Ba da Izinin Ganin Sirrin Gwamnatin Amurka: Matakan da Mai Nema Zai Bi

A Amurka akwai ayyuka da dama da ba a damƙa wa mutum sai gwamnati ta bincike shi ta ba shi izinin ganin bayanan sirri. Daga cikinsu akwai wasu fannoni na aikin soja, da hukumomin leƙen asiri, da kamfanonin da ke kwangila da Ma'aikatar Tsaro, har da aikin fassara da tafinta, inda a wasu lokuta ake neman masu jin Hausa. Izinin hawa uku ne, na ƙasa ana ce masa Confidential, na tsakiya Secret, na sama kuma Top Secret, kuma a ƙa'ida ɗan ƙasa kaɗai ake bai wa, ko haifaffe ko wanda ya samu takardar zama ɗan ƙasa daga baya. Mutum ba ya nema da ƙashin kansa, sai wurin aikin da ke buƙatarsa ya gabatar da sunansa.

Masu nema da yawa suna zaton dangantaka da ƙasashen waje ko wani tsohon laifi ne zai kayar da su, alhali a shari'o'in da ofishin sauraron ƙorafe-ƙorafe na Ma'aikatar Tsaro, wato DOHA, yake wallafawa, matsalar kuɗi ce ta fi kowace yawa. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma masu tantancewar ma sun san da haka. Ba a hana mutum izini don yana da bashin gida ko na mota ko na karatu muddin yana biya a kan lokaci, kuma babu wani adadin dala da aka yanke cewa wanda ya haura shi ya faɗi. Abin da ke kayar da mutane shi ne bashin da aka yi watsi da shi, da kuma ɓoye shi idan an tambaya.

Mataki na farko: san abin da gwamnati ke tsoro

Ƙa'idojin da ake hukunci da su suna cikin wani umarni mai suna SEAD 4, wanda ya fara aiki a watan Yuni na 2017. Ƙa'idoji 13 ne, daga A zuwa M, kuma ta F ita ce ta harkar kuɗi. Hujjarta biyu ce. Ta farko, wanda ba ya cika alkawarin biyan bashi yana iya zama mai sakaci da dokokin riƙe sirri. Ta biyu, wanda bashi ya shaƙe wa wuya yana da sauƙin saye. Tarihi ne ya koya musu wannan. Aldrich Ames, jami'in CIA, ya shiga ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyat da ke Washinton a 1985 lokacin da basussuka da kuɗin rabuwar aure suka matsa masa, ya karɓi dala 50,000 a karon farko, kuma ba a kama shi ba sai 1994, bayan ya sayi gida na dala 540,000 kuɗi hannu. Kevin Mallory, wanda shi ma ya taɓa aiki da CIA, aka yanke masa shekara 20 a 2019 saboda sayar wa Sin da sirri, kuma a lokacin da aka fara zawarcinsa biyan bashin gidansa ya gagare shi.

Ƙa'idar ta lissafa abubuwan da ke tayar da shakka: kasa biyan bashi, ƙin biya alhali akwai hali, doguwar al'adar saɓa alkawarin kuɗi, zamba, kashe abin da ya fi ƙarfin samu, ƙin cika takardun haraji ko ƙin biyansa, dukiyar da ba a san asalinta ba, da cin bashi don caca. Ta kuma lissafa abubuwan da ke sassauta shakkar, kuma duk matakan da ke tafe an gina su ne a kan waɗannan. Mafi muhimmanci su ne cewa matsalar ta taso daga abin da ya fi ƙarfin mutum, kamar rasa aiki, ciwo, mutuwa, rabuwar aure ko satar bayanansa, kuma ya yi abin da ya kamata a cikin halin; cewa ya fara biya da zuciya ɗaya kuma yana kan biya; cewa ya nemi shawarar ƙwararru na gaskiya kuma ana ganin alamar gyara; ko cewa yana da hujja a rubuce cewa bashin ba nasa ba ne.

Mataki na biyu: ga abin da mai bincike zai gani tun kafin ya gani

Manyan kamfanoni uku ne ke tattara tarihin bashin mutane a Amurka: Equifax, Experian da TransUnion. Ana samun rahoton kowannensu kyauta a shafin AnnualCreditReport.com. Ka ɗauko duka ukun, domin bashin da bai bayyana a ɗaya ba yana iya bayyana a ɗayan. Ka buga su a takarda, ka bi layi-layi da alƙalami, ka sa alama a kan duk asusun da aka makara biya, da wanda aka miƙa wa kamfanin karɓar bashi, da wanda mai bashin ya rubuta a matsayin asara. Sannan ka ƙara abin da rahoton ba lallai ya nuna ba: harajin da ba a biya ba, shekarun da ba ka cika takardar haraji ba, kuɗin ciyar da 'ya'ya da kotu ta ɗora maka, hukuncin kotu kan wani bashi, da kuɗin haya da aka taɓa korar ka a kansa.

A nan ake yawan yin kuskure guda. Idan kamfani ya rubuta bashi a matsayin asara, bai yafe ba. Gyaran littafinsa kawai ya yi, kuma har yanzu ana bin ka. Haka nan yawancin bayanan makara suna ɓacewa daga rahoto bayan shekara 7, amma alƙalan DOHA sun sha bayyana cewa zaman jiran bashi ya tsufa ya faɗi daga rahoto, ko jiran wa'adin kai ƙara ya wuce, ba ya cikin abin da suke kira ƙoƙarin biya da zuciya ɗaya.

Mataki na uku: fara da haƙƙin gwamnati

Basussuka ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda yake neman gwamnati ta amince masa da sirrinta alhali bai cika mata takardun haraji ba ya shigo da rauni babba, kuma rashin cika takardar laifi ne mai zaman kansa ko da a ƙarshe gwamnatin ce za ta mayar masa da rara. Saboda haka duk shekarar da ka tsallake, ka cika ta yanzu, ta tarayya da ta jiha. Idan hukumar haraji ta IRS na bin ka kuɗin da ba za ka iya biya gaba ɗaya ba, ka nemi yarjejeniyar biya wata-wata, ta intanet ko da fom mai lamba 9465, ka kuma sauke bayanan asusunka daga shafin hukumar domin su ne shaidar cewa ka cika kuma kana biya. Ƙa'idar F ta ambaci irin wannan yarjejeniya ƙarara a cikin abubuwan da ke sassautawa, da sharaɗin cewa kana cika ta.

Bayan haraji sai kuɗin ciyar da 'ya'ya, sai bashin karatu na gwamnatin tarayya. Shi wannan ana ɗaukar mutum ya gaza idan ya kwana 270 bai biya ba, kuma akwai tsarin farfaɗo da shi ta hanyar biya sau 9 a cikin wata 10, a kan adadin da aka daidaita da samun mutum.

Mataki na huɗu: gina tarihin biya, kuma a rubuce

Wannan shi ne ƙashin bayan al'amarin, kuma shi ne ba ya yiwuwa a dare ɗaya. Ba a buƙatar ka biya komai kafin a ba ka izini, ba a kuma buƙatar ka fara biyan kowane bashi a lokaci guda. Abin da ake nema shi ne tsari mai ma'ana da ya dace da samunka, da shaidar cewa ka daɗe kana bin sa.

A ɗauki misalin mutumin da ya rasa aiki na wata takwas, katin bashinsa ya taru zuwa dala 6,000, asibiti na bin sa dala 1,800, sannan an ƙwace motarsa aka sayar, aka bar shi da ragowar dala 4,500. Ranar da ya koma aiki, ya zauna ya rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita, ya ga dala 350 ce ke rage masa a wata. Ya kira asibitin suka amince da dala 150 a wata. Ya kira kamfanin da ya sayi bashin katin, suka daidaita kan dala 200 a wata, ya ce kada a cire ko sisi sai sun aiko masa da yarjejeniyar a rubuce. Masu bashin motar kuma ya rubuta musu wasiƙa cewa zai fara da su da zarar ya gama da asibiti, ya ajiye kwafi. Bayan shekara ɗaya yana da fayil mai ɗauke da takardar sallamarsa daga tsohon aiki, da yarjejeniyoyi biyu, da bayanan banki na wata 12, da takardar asibiti mai cewa an gama biya. Har yanzu ana bin sa fiye da dala 8,000, amma matsayinsa ya fi na wanda ya yi shiru shekara huɗu, sannan ya ranto kuɗi wurin ɗan'uwa ya biya komai mako guda bayan gwamnati ta aiko masa da takardar tuhuma. Alƙalai suna rage darajar biyan da aka yi bayan mutum ya ga izininsa na cikin haɗari, domin yana nuna tsoron rasa aiki ne ya motsa shi. Kuɗin da ake cirewa daga albashi da umarnin kotu ma ba a ƙirga shi kamar wanda mutum ya biya da kansa.

Idan mai bashi ya yarda ya karɓi wani kaso ya yafe sauran, wannan hanya ce karɓaɓɓiya, amma ka karɓi takardar da ta ce an rufe asusun, ka kuma sani cewa idan abin da aka yafe ya kai dala 600 ana iya aiko maka da fom 1099-C, kuma ana iya lissafa shi cikin kuɗin shigarka na haraji. Wajen neman shawara, ka nufi ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, irin waɗanda ke ƙarƙashin NFCC, wato gamayyar ƙungiyoyin ba da shawara kan bashi ta ƙasa, ka guji kamfanonin da za su ce ka daina biyan masu bin ka ka riƙa tura musu kuɗin, domin watannin da za ka yi ba ka biya ba sabon tabo ne a rahotonka. Soja yana da ƙarin mafita: masu ba da shawarar kuɗi kyauta a sansani da Military OneSource, wato shirin Ma'aikatar Tsaro na tallafa wa sojoji da iyalansu, da dokar SCRA wadda ta taƙaita kuɗin ruwa zuwa kashi 6 cikin 100 a kan bashin da aka ci kafin shiga aiki.

Shelar karayar arziki a gaban kotu hanya ce ta doka kuma ba ta rufe ƙofa kai tsaye. A ƙarƙashin Babi na 7 na dokar karayar arziki ana share yawancin basussuka, a Babi na 13 kuma ana biya bisa tsarin kotu na shekara 3 zuwa 5. Za a duba abin da ya kai mutum can da yadda ya riƙe kuɗinsa bayan nan. Wanda ya fito daga kotu ya sake tara sabon bashi ya rusa hujjarsa da hannunsa.

Bashin da ka tabbata ba naka ba ne kuwa, faɗa da baki ba ya wadatarwa. Ka rubuta wa kamfanin rahoton ƙorafi, doka ta ba su kimanin kwana 30 su bincika, ka kuma nemi kamfanin karɓar bashin ya kawo hujjarsa. Ka ajiye wasiƙunka da amsoshinsu.

Abin da ya shafi mutanenmu musamman

Akwai abubuwa uku a rayuwar Bahaushen da ke zaune a Amurka da suke shiga wannan bincike ba tare da ya zata ba. Na farko shi ne tsaya wa wani. Ɗan'uwa ya zo sabo, ba shi da tarihin bashi, ka sa masa hannu ya karɓi mota ko ya kama haya. A idon doka bashin naka ne kamar yadda yake nasa, kuma fom ɗin tantancewa ya ce a haɗa da basussukan da mutum ya tsaya wa wani. Idan ya daina biya kuma nauyin baki ya hana ka tambayarsa, sunanka ne zai ɓaci. Ka riƙa duba asusun da kanka kowane wata.

Na biyu shi ne kuɗin da ake aikawa gida. Ciyar da iyaye a Kano ko Damagaram ba laifi ba ne, amma sashe na 20A na fom ɗin yana tambaya ko ka taɓa tallafa wa wanda ba ɗan ƙasar Amurka ba da kuɗi, yana kuma tambaya kan fili, gida ko asusun banki da kake da shi a waje. Dole a faɗa. Sannan a ra'ayina yana da wuya mutum ya gamsar da alƙali cewa ba shi da halin biyan dala 100 a wata alhali bayanan bankinsa na nuna yana gina gida a ƙauyensu. Abincin mahaifiya da maganinta kowa zai fahimta. Ginin da bukukuwan za su iya jira har a sauke nauyin mutane. Mu da muke tsayawa a gaban gawa a yi cigiyar mai bin mamaci bashi kafin a kai shi makwanci, bai kamata wani ya koya mana girman bashi ba, ko da kuwa mai bin kamfani ne da ba mu san fuskarsa ba.

Na uku shi ne adashi. Ba ya fitowa a rahoton bashi, amma ranar kwasa kuɗi mai kauri zai shiga asusunka, kuma dukiyar da ba a san tushenta ba tana cikin abin da ake tuhuma. Ka riƙe rubutaccen bayanin zubi da kwasa, ka riƙa zubawa ta banki maimakon hannu da hannu.

Mataki na biyar: cika fom da gaskiya

Fom ɗin shi ne SF-86, ana cika shi ta intanet a manhajar eApp, kuma sashe na 26 ne na kuɗi. Yawancin tambayoyinsa suna komawa baya shekara 7: shelar karaya, haraji, hukuncin kotu, ƙwace kaya ko gida, bashin da aka miƙa wa masu karɓa, katin da aka rufe saboda rashin biya, korar haya, cire kuɗi daga albashi, da duk bashin da aka makara fiye da kwana 120. Tambayar matsalar kuɗi saboda caca ba ta da iyakar shekaru. Ka ajiye rahotannin nan uku a gabanka kana cikawa, kuma a gurbin ƙarin bayani ka rubuta dalili da matakin da ka ɗauka a taƙaice, da kwanan wata.

Na san muna da kunya a kan bashi, kuma rufin asiri abu ne da muke roƙon Allah kullum. Amma a nan ɓoyewa ba ta rufa asiri, domin ka riga ka sa hannu a takardar da ta ba su damar ɗauko rahotonka. Wanda ya ce babu alhali akwai ya mayar da matsalar kuɗi, wadda ake iya gyarawa, ta koma matsalar gaskiya a ƙarƙashin ƙa'ida ta E, wadda wanke ta ke da matuƙar wuya. Ƙari a kan haka, yin ƙarya da gangan a takardar gwamnatin tarayya laifi ne da ke iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 5. Idan ka tura fom ɗin sannan ka tuna da abin da ka manta, ka sanar da jami'in tsaron wurin aikinka nan take, ko ka faɗa wa mai bincike tun kafin ya tambaye ka.

Mataki na shida: ganawa da mai bincike

Yawancin binciken hukumar DCSA ce ke yin sa, wadda ta karɓi aikin a watan Oktoba na 2019. Mai binciken zai nuna maka katin shaidarsa, ya zauna da rahotonka a gabansa, ya riƙa karanto asusu ɗaya bayan ɗaya: wannan naka ne, yaushe ka daina biya, me ya faru, me ka yi, yaushe za ka gama. Ba shi ne mai yanke hukunci ba, rubutawa kawai yake yi, amma abin da ya rubuta zai bi ka har ƙarshe. Ka zo da fayil ɗinka. Kada ka yi alkawarin da ba za ka iya cikawa ba, domin idan ka ce za ka biya wani bashi nan da wata uku, bayan shekara za a duba ko ka biya. Idan ba ka gane wani asusu ba, ka ce ba ka gane shi ba kuma za ka bincika, sannan ka bincika da gaske.

Mataki na bakwai: idan takardar dalilai ta zo

Idan masu hukunci ba su gamsu ba, suna iya fara aiko da tambayoyi a rubuce, sannan takardar da ke jera dalilan da suka sa ake shirin hana ka, wadda ake kira SOR. Ga ma'aikacin kamfanin kwangila, kwana 20 ne daga ranar da ya karɓa ya mayar da amsa a kan rantsuwa, ya amsa ko ya musanta kowace tuhuma ɗaya bayan ɗaya. Sojoji da ma'aikatan gwamnati suna da nasu tsarin, kuma wa'adinsu na rubuce a cikin takardar. Wanda ya bari wa'adi ya wuce ya faɗi ba tare da an saurare shi ba.

Ma'aikacin kwangila yana da zaɓi tsakanin bayyana gaban alƙalin DOHA ko a yanke hukunci bisa takardu kawai. Shawarata ita ce ya bayyana, domin alƙali ya ji bayaninsa daga bakinsa, ya kuma samu damar kawo shaidu kamar shugabansa a wurin aiki. Yana da damar ɗaukar lauya da kuɗinsa. A wannan matakin nauyin kawo hujja yana kansa, kuma duk shakkar da ta rage ana warware ta ne ta ɓangaren tsaron ƙasa. Kotun Ƙolin Amurka ta faɗa a shari'ar Egan ta 1988 cewa babu wanda yake da haƙƙin samun wannan izini. Idan hukunci bai yi masa daɗi ba, yana da kwana 15 ya shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara, sai dai kwamitin ɗaukaka ƙarar ba ya karɓar sabuwar shaida, don haka duk takardar da yake da ita ya miƙa ta tun a gaban alƙalin farko. Wanda aka hana yana iya sake nema bayan shekara ɗaya idan kamfani ya sake gabatar da shi, kuma dole ya nuna abin da ya sauya. Akwai kuma lokutan da ake ba da izini bisa sharaɗi, a ci gaba da sa ido a kan yadda mutum ke biya.

Bayan an samu izinin

A da ana sake binciken mutum ne bayan shekara 5 ko 10, gwargwadon hawan izininsa. Yanzu an koma sa ido na kullum, inda na'ura ke bibiyar bayanan bashi da na kotu, ta tayar da ƙararrawa idan wani abu ya fito. Umarnin SEAD 3 ya wajabta wa mai izini ya kai rahoton kansa idan ya yi shelar karaya ko ya makara fiye da kwana 120 a kan kowane bashi, kuma masu izini mafi girma suna ƙarawa da cire kuɗi daga albashi da shigowar dukiyar da ba a saba ba ta dala 10,000 ko fiye, kamar gado. Idan ka ga aiki ya tsaya ko ciwo ya shigo gida kuma biya zai gagara, ka kira masu bin ka tun kafin watan farko ya wuce, ka nemi sassauci a rubuce, sannan ka je wurin jami'in tsaron wurin aikinka da takardun a hannu, ka faɗa masa adadin bashin, da dalilinsa, da ranar da za ka fara biya.